Kusuri da Njamena: yadda kogi ya zama iyaka a ƙofar babban birnin Chadi

Tambaya: Ina kai kaya Njamena daga Maiduguri ta Gamborun Ngala, kuma sau da yawa a Kusuri nake kwana kafin in hau gada. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, mutum yana tsaye a bakin ruwa yana hango gine-ginen babban birnin Chadi, amma ƙafarsa tana cikin Kamaru. Yaya aka yi iyaka ta faɗo daidai nan? Wane gari ya girmi wani? Kuma me ya sa ambaliya take cin wurin a watan Oktoba, bayan damina ta riga ta ɗauke?

Amsa: Malam, Kusuri ce babba, kuma tazarar ba ta 'yan shekaru ba ce. Lokacin da Faransawa suka kafa sansanin da ya zama Njamena a 1900, Kusuri ta riga ta yi ɗaruruwan shekaru tana gari mai ganuwa da sarkinta. Iyakar da kake tsallakawa kuwa a Turai aka shata ta a 1894, aka sake gusar da ita a 1911. Sai dai duk wannan ba zai fito fili ba sai an fara sanin yadda ruwan yake kwance, don ruwan ne ya kafa garin, shi ya jawo masa yaƙi, shi kuma aka mayar iyaka.

Koguna biyu ne suke haɗuwa a wurin. Shari yana tasowa daga Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ya ratsa kudancin Chadi ta garin Sarh. Logon kuma rassansa suna gangarowa daga tuddan Adamawa na Kamaru da arewa maso yammacin Afirka ta Tsakiya, ya bi ta Mundu da Lai da Bongor. Kusuri tana gaɓar yamma ta Logon, dab da inda ya zuba cikin Shari. Tsohon garin Njamena yana ɗaya gaɓar ta Shari. Tsakanin kogunan biyu akwai wani tsinin ƙasa, inda Walia da Tukra da Ngeli suke, wato gunduma ta 9 ta birnin. Shi ya sa idan ka baro Kusuri da mota sai ka hau gada biyu kafin ka shiga tsakiyar gari: ta Ngeli a kan Logon, wadda ita ce ta iyaka, sannan ta kan Shari, wadda duka bakinta biyu Chadi ne. Daga mahaɗar zuwa kudu Logon ne iyaka. Daga mahaɗar zuwa Tafkin Chadi kuma Shari ne iyaka. Waɗannan koguna biyu su suke kawo kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke zubawa a tafkin.

Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce ƙwarai. Njamena ba ta kai mita 300 sama da teku ba, tafkin kuma yana wajen mita 280, ga shi tsakaninsu ya haura kilomita 100. Gangaren bai wuce taƙi guda a kowace kilomita ba. Ruwan da ba shi da gangaren gudu, idan ya yi yawa, gefe yake nema.

Yanzu ga batun Oktoba. Ruwan saman da ke sauka a Kusuri da Njamena bai taka kara ya karya ba, milimita 500 zuwa 600 ne a shekara, kusan irin na Maiduguri, kuma mafi yawansa a Yuli da Agusta yake zuba. Ruwan da ke cikin kogin ba na nan ba ne. Daga kudu yake zuwa, inda ake samun milimita 1,000 zuwa 1,500, kuma tafiyar hawainiya yake yi, domin a hanya sai ya fantsama cikin fadamu ya cika su kafin ya ci gaba. Cikar Logon tana wuce Mundu wajen Satumba. Ta Shari, da yake hanyarsa ta fi tsawo kuma fadamunsa sun fi faɗi, tana wuce Sarh a Oktoba, ba ta kai ƙololuwa a Njamena sai ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba. Don haka za ka ga sama garau, iskar hunturu ta fara kaɗawa, amma kullum da safe ruwa ya ƙara cin matakala ɗaya a mashaya.

Akwai wani abu kuma da mazauna mahaɗar suka sani sarai. Shari ya fi Logon yawan ruwa. Idan ya cika ya batse sai ya tokare bakin Logon, ruwan Logon ya rasa inda zai zuba, ya tsaya ya kumbura ya koma baya. Unguwannin da ke kwari a Kusuri, da Ngeli da Walia a tsallake, su suke fara shan wannan. A 2022, da kuma 2024, ma'aunin ruwa na Njamena ya haura mita 8, dubban gidaje suka nutse a gaɓa biyun. Ba sabon abu ba ne ga kogin, domin a 1961 ya taɓa kwararo sama da kubik mita 5,000 a kowace daƙiƙa. Abin da ya canza shi ne mutane. Farin shekarun 1970 da 1980 ya janye ruwan har aka manta da iyakarsa, aka yanka filaye aka gina gidaje a wuraren da kakanni suka bar wa kogi. Ƙidayar 1987 ta samu mutum dubu 53 da 'yan kai a Kusuri, ta 2005 ta samu dubu 89, kuma yawancin ƙarin a kwari ya zauna, tun da tudun ya riga ya cika.

Saboda haka ambaliya iri biyu ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Ta Agusta ruwan sama ne da ya rasa magudana a kan ƙasar laka, yakan kwanta kwanaki ya janye. Ta Oktoba da Nuwamba ta kogi ce, takan yi makonni. Jingar ƙasa da ake yi don tare ta biyun takan tsananta ta farkon, domin tana kulle ruwan sama a cikin gari, sai an sa injin zuƙa ko an yi ƙofar da ake buɗewa a rufe. Jingar kanta ba ta saman ta fi karyewa ba. Ta gindi take ci: ruwa yana tsattsafowa ta ramin ɓera ko ta inda aka ɗebi ƙasa aka yi tubali, ya fara fita a bayanta. Idan tsattsafin garau yake, akwai sauran lokaci. Idan ya fito da laka, ƙasar cikin jingar ce yake kwashewa, kuma ɗora buhunan yashi a sama ba zai hana ta faɗawa ba. A bayan, daidai bakin tsattsafin, ake kewaye da buhuna don a rage ƙarfin fitar. Sannan duk jingar da aka ɗaga a gaɓa ɗaya, ruwan da ta tare ɗaya gaɓar yake komawa, kuma a nan ɗaya gaɓar wata ƙasa ce. A ganina wannan shi ne babban raunin aikin da ake yi a wurin: kowace gwamnati tana tare nata ɓangaren, alhali kogin ɗaya ne. Hukumar Tafkin Chadi, wadda Kamaru da Chadi da Nijar da Najeriya suka kafa a 1964, hedikwatarta tana Njamena, kuma irin wannan aiki ne ya fi cancanta ta haɗa kansu a kai. Bayan ambaliyar 2012 gwamnatin Kamaru ta yi alkawarin jinga mai hanya a kanta, kilomita 330 daga Gobo zuwa Kusuri, amma ruwan 2022 ya zo bai tarar da ita ba.

Kada a ɗauka cikar kogin masifa ce kawai. Kudu da Kusuri, Logon yana malala yamma ya shafe fadamar da Fulani ke kira yayre, dubban murabba'in kilomita. Kifi yana shiga ciyawa ya hayayyafa, idan ruwa ya fara janyewa masunta su tare shi a bakin magudanai: tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa, da ƙananan salanga da ake shanyawa. Bayansu makiyaya su shigo da shanu cin ɗanyar ciyawar rani. A baƙar lakar da ta sha ruwa kuma ana dasa masakwa wajen Oktoba, ta nuna a Janairu ko Fabrairu ba tare da ɗigon ruwan sama ba. Da aka gina madatsar Maga a 1979 don noman shinkafa, malalar ta ragu, kiwo da su suka durƙushe a wani babban yanki, har sai da aka sake buɗe wata hanyar ruwa a 1994 don a dawo da wani abu daga ciki.

A irin wannan ƙasa, wurin zama shi ne tudu, kuma a nan tarihin ya fara. Duk faɗin yankin akwai tuddan da mutum ne ya tayar da su, gini kan gini, shara kan shara, tsawon ƙarnuka. Masu tonon tarihi sun fito da manyan tukwanen da ake bizne gawa a ciki, da gumakan yumɓu, da kayan tagulla. Mutanen da suka bar waɗannan su ake kira Sao, kuma Kotoko suna cewa su ne jikokinsu. Kotoko ba su yi daula guda mai sarki ɗaya ba. Garuruwa ne masu ganuwa, kowanne da sarkinsa: Makari, Afade, Gulfe, Kusuri, Logon Birni. Harsunansu dangin Hausa ne na nesa, cikin rukunin harsunan Chadi, ko da yake na Kusuri, wanda ake kira Mser, masu jinsa sun ragu ƙwarai, Larabcin Shuwa ya zama harshen kasuwa da na titi. Ƙauyen Gawi, kimanin kilomita 10 daga Njamena, shi ma na Kotoko ne, wanda ke nuna maka cewa kafin Turawa mutane ɗaya ne a gaɓa biyun.

Arzikin Kusuri kifi ne da fito. Duk ayarin da ya taso daga Borno zai tafi Bagarmi ko Wadai, daulolin da ke gabas cikin Chadin yau, dole ya ƙetare ruwan nan, kuma masu jirage su suke da mashigi. Kotoko suna da wani babban jirgi na katakon da aka ɗinke, zemi, mai ɗauke da ƙatuwar koma a kan sanduna biyu a goshinsa. A sunkuyar da ita cikin ruwa, yara a ƙananan kwalekwale su buga katako su koro kifi, sannan a danna a ɗaga. Amma wanda ke riƙe da mashigi ba ya rasa mai neman ƙwace shi. Tun zamanin Mai Idris Alooma, a ƙarshen ƙarni na 16, garuruwan Kotoko suka shiga ƙarƙashin Borno suna biyan gaisuwa, Musulunci ya kafu a fadojinsu, Bagarmi kuma tana kawo hari daga gabas. A Ngala, kusa da inda kake wucewa, Shehu Laminu ya karya rundunar Bagarmi a 1824. A shekarar ce kuma Baturen Ingila Dixon Denham ya sauka a Kusuri, ya tarar da ita da ganuwa mai ƙarfi, ya kuma ba da labarin gidajen da aka gina ɗaki cikin ɗaki har biyar ko shida, don mutum ya kutsa can ƙurya ya tsira daga sauro da ƙuda. Wanda ya kwana a garin cikin Oktoba ba zai yi mamakin wannan gini ba.

Sai Rabeh. Mutumin kusa da Hartum ne, ya yi aikin soja ƙarƙashin Zubairu Basha, ya yo yamma da rundunarsa masu bindiga. A 1893 ya ci Bagarmi, ya ƙetaro ruwan, ya kama Kusuri da Logon Birni, ya karya Shehun Borno Hashimi, ya ƙone Kukawa, ya kafa hedikwata a Dikwa. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ke zaune a Balda, ya mara masa baya a farko har ya auri 'yarsa Hauwa, kafin su ɓata, Fadlallah ɗan Rabeh ya kashe shi a 1898.

Yana cikin wannan mulki ne Faransa da Jamus suka sa hannu a yarjejeniyar 15 ga Maris 1894. Babu ɗayansu da ke da soja ko guda a wurin, amma suka amince cewa Shari ne iyakarsu daga tafki zuwa kudu: gabas ta Faransa, yamma ta Jamus. Kusuri ta faɗa rabon Jamus ba tare da mutanenta sun ji labari ba.

Faransa ta turo runduna uku su haɗu a tafkin. Ta farko, ta Emile Gentil, ta biyo ruwa daga Kwango, kuma tun 1897 Gentil ya ƙulla yarjejeniya da Sarkin Bagarmi Gawrang. Ta biyu, ta Voulet da Chanoine, ita ce ta ratso ƙasar Hausa a 1899 tana ƙone garuruwa: ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu, ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, kuma bayan sojojinta sun kashe shugabannin biyu, ragowar suka ci Damagaram a ƙarshen Yuli, Joalland da Meynier suka wuce gabas da wani sashe. Ta uku, ta Foureau da Lamy, ta ƙetaro Sahara daga Aljeriya ta Agadas da Damagaram. Lamy ya karɓe Kusuri a farkon Maris 1900, Gentil ya iso ranar 21 ga Afrilu, washegari 22 ga wata suka auka wa sansanin Rabeh, 'yan kilomitoci daga garin a bakin Shari. Sojan Faransa wajen 700 ne, ban da mayaƙan Bagarmi da suka taya su. Rabeh ya mutu a ranar aka sare kansa, Lamy ma harsashi ya same shi ya mutu. Fadlallah ya ci gaba da yaƙi har aka kashe shi a Gujba a 1901.

Ga amsar tambayarka ta farko nan. Faransawa sun ci yaƙi a ƙasar da takarda ta ce ta Jamus ce, don haka ba su da ikon zama. Gentil ya ƙetare ruwa ya kafa sansani daura da Kusuri ranar 29 ga Mayu 1900, ya sa masa sunan Lamy. Wannan shi ne Fort-Lamy, Fallomi a bakin tsofaffin alhazai, wanda Shugaba Tombalbaye ya mayar Njamena a 1973. Babban birnin bai zo ya tarar da iyaka ta matse shi ba. Iyakar ce dalilin kafa shi a wannan gaɓa. Da a ce rabon 1894 ya ba Faransa gaɓar yamma, ina kyautata zaton a Kusuri za su zauna, domin ita ce ke da ganuwa da kasuwa da jirage.

Jamusawa sun iso a 1902, suka ajiye jami'insu da soja a Kusuri. A lokacin har ƙasar da ke tsakanin Logon da Shari tasu ce, wato inda Ngeli da Walia suke yau. A yarjejeniyar 4 ga Nuwamba 1911, wadda ta kashe rikicinsu kan Maroko, Jamus ta karɓi ƙasa mai yawa a wajen Kwango, ta sakar wa Faransa wannan yanki na tsakanin koguna. Tun daga nan Logon ya zama iyaka. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, Faransawa suka kai wa Kusuri hari a Agustan 1914 aka kore su, suka dawo suka ci ta a Satumba. Sojan Jamus suka ja zuwa dutsen Mora, inda suka daure har Fabrairun 1916. Da aka raba Kamarun Jamus, Dikwa da Ngala suka faɗa hannun Ingila, Kusuri da Fotokol, garin da ke daura da Gamboru, hannun Faransa, aka sa wa Kusuri suna Fort-Foureau. Ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta bar Dikwa da Ngala a Najeriya. Shi ya sa a tafiyar da ba ta kai kilomita 300 ba kake ratsa ƙasa uku. Ko a shekarun da Faransa ke riƙe da gaɓa biyun ba a goge layin ba, saboda Kamaru ƙasar amana ce, Chadi kuma mulkin mallaka ne kai tsaye, kowace da ofishinta. Kamaru ta sami 'yanci ranar 1 ga Janairu 1960, Chadi ranar 11 ga Agusta, layin ya zama na ƙasashe biyu.

Hausawa da yawa ta wannan mashigi suka shiga Chadi. Hanyar alhazai ta ƙasa daga Kano takan bi Maiduguri da Dikwa, a yi fito a Kusuri, a wuce Fallomi da Ati da Abeshe, a shiga Sudan ta Jinaina da Fashir har bakin Bahar Maliya. Tafiya ce ta shekaru, guzuri yakan ƙare, sai mutum ya tsaya ya yi fawa ko wanzanci ko jima ko koyar da allo ya tara na gaba. Wasu ba su ƙara gaba ba, wasu a dawowa suka yada zango. A Kusuri akwai unguwar da ake kira Hile Hausa.

Bayan 'yanci, kusancin ya mayar da Kusuri mafakar Njamena. A yaƙin neman mulkin Chadi na 1980 tsakanin Hissene Habre da Goukouni Weddeye, wanda ya ɗauki wata tara daga Maris zuwa Disamba, mutum wajen dubu 100 suka ƙetaro, garin ya ninka kansa sau da yawa cikin makonni. Babu gada a lokacin, kwalekwale ne da jirgin fito, sai kuma sa'ar da aka yi cewa yaƙin ya fara a bazara, ruwa ya yi ƙasa. Goukouni ta nan ya tsere a Yunin 1982, Habre ma ta Kamaru ya fita a Disambar 1990. A Fabrairun 2008, da 'yan tawaye suka shiga birnin, dubban mutane suka cika gadar Ngeli da ƙafa, daga baya aka kwashe wasu zuwa sansanin Maltam, kimanin kilomita 30 a hanyar Fotokol.

A Disambar 2021 kuma abin ya juya. Rikici ya tashi tsakanin makiyaya Larabawan Shuwa da masunta da manoma Musgum a wani ƙauye na yankin Logon Birni, cikin kwana uku ya iso Kusuri, aka ƙone kasuwar shanu, dubun dubatar mutane suka ƙetara Chadi. Abin da ya kunna wutar yana komawa kan ruwan da muka fara da shi. Masunta suna haƙa manyan ramuka da magudanai a fadama don su riƙe ruwa da kifi bayan janyewar cika. Shanu suna zuwa sha, su zame a lakar bakin ramin, su faɗa su kasa fita. Idan babu wanda ya shata burtali da mashaya tun kafin ruwa ya janye, kuma babu hukuncin diyya da kowa ya yarda da shi, saniya ɗaya tana iya tayar da gari. Ƙarƙashin wannan akwai tsohuwar gasar sarauta da siyasa, wadda ta taɓa zubar da jini tsakanin Kotoko da Shuwa a Kusuri a Janairun 1992.

Gadar Ngeli ta farko a 1985 aka buɗe ta, daga baya aka ƙara mai hannu biyu a gefenta. Chadi ba ta da teku, kuma kaso mai yawa na kayanta daga tashar Duwala yake tasowa, tafiyar kilomita 1,800 da wani abu: jirgin ƙasa ko mota zuwa Ngaundere, sannan Garwa, Marwa, Mora, Dabanga, Kusuri. Sashen Mora zuwa Kusuri, kimanin kilomita 200, shi ne mai karya mota, kuma dalilin yana ƙarƙashin kwaltar. Baƙar laka tana kumbura da damina, ta tsattsage da rani. Idan ba a cire ta an yi ciko mai kauri da tsakuwa ba, kwalta takan lotsa ta fashe cikin 'yan shekaru, balle ga tireloli masu lodin da ya wuce ƙa'ida. Dutse kuwa babu shi a kusa, daga nesa ake jigilarsa. Aikin gyaran ya tsaya cak bayan Boko Haram sun sace ma'aikata 'yan China 10 a Waza a Mayun 2014. Ta kan gadar Ngeli ce kuma sojojin Chadi suka shiga Kamaru a Janairun 2015, suka wuce Fotokol suka ƙwato Gamboru a farkon Fabrairu. A 2025 an buɗe wata gada a kan Logon tsakanin Yaguwa da Bongor, wadda za ta ɗauke wani kaso na motocin kudu.

Tun da kai mai kai kaya ne, ga abin da wannan bayani yake nufi a aikace. Kamaru da Chadi kuɗinsu ɗaya, sefa ta Afirka ta Tsakiya. Ba ita ce sefar Nijar ba, ko da yake darajarsu ɗaya a kan yuro, faran 655.957, wanda ya zo da ta Yamai sai ya canza, kuma ɗan canji zai cire nasa. Kamaru da Chadi ba sa cikin ƙungiyar ECOWAS, don haka kada a dogara da takardarta kaɗai: fasfo da katin rigakafin shawara su ne abin riƙewa. Agogo ɗaya ne da na Najeriya, amma gadar ba ta kwana a buɗe, lokacin rufewa kuma yana sauyawa da yanayin tsaro, saboda haka motar da ta baro Fotokol bayan azahar ta shirya kwana. Kayan da Chadi za su, a yi musu takardar wucewa tun daga kwastan na shigowa Kamaru. Idan ba a yi ba, a Kusuri za a ɗauke su kayan da aka shigo da su don sayarwa a nan, a nemi haraji, sannan a Ngeli a sake nema.

Idan za ka kama shago ko sito, ka je ka gani a ƙarshen Oktoba, ba a Maris ba. In ba hali, dubi jikin tsofaffin katangu da gindin bishiyoyi, layin ruwan bara yana nan. Daɓen sito ya ɗara wannan layi da aƙalla rabin mita, buhunan sukari da fulawa da siminti kuma a ɗora su kan katako, kada su taɓa bango, domin ko ruwa bai shigo ba laima tana hawowa ta ƙasa. Ginin ƙasa ta tushe yake narkewa, don haka layukan farko su zama na bulo ko jan tubali. A makonnin cika a guji ruwan rijiya da ba a tafasa ko an sa masa magani ba, saboda masai suna cika su haɗu da rijiyoyi, kuma ta haka kwalara ta yi ɓarna a gaɓa biyun a 2010 da 2011.

Game da kwalekwale kuwa, sauri ne da araha, amma a wurin da hukuma ta amince kawai, domin tun hare-haren bam na Njamena a Yunin 2015 ake sa ido sosai a kan ruwan. A lokacin cika igiyar mahaɗar tana da ƙarfi, kuma jirgin da aka yi wa lodi har bakinsa ya kusa shafar ruwa, ƙaramar igiyar jirgi mai inji ta isa ta kifar da shi. Akwai dorina a kogin. Da bazara kuma, Afrilu zuwa Mayu, tsibiran yashi suna fitowa a tsakiya har mutum ya ga kamar zai taka ya wuce. Hanyar ruwan tana sauya wuri daga shekara zuwa shekara, tana cin gaɓa ɗaya tana tara yashi a ɗaya, don haka tsibirin da bara yake kusa da Kamaru bana yana iya manne wa Chadi. Masunta da masu ɗibar yashi sun sha shiga hannun jandarma a kan wannan, kuma baƙon da ke ɗauke da kaya ba tare da hatimin shiga ba ya fi su saurin shiga.